Intabiyun aikin ɗakin gwaje-gwaje: Abin da ake so hannun mai neman aiki ya iya

Shekara biyar a jami'a, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, ga kuma lasisin MLSCN, hukumar da dokar 2003 ta ɗora wa kula da wannan sana'a a Najeriya. Duk da haka matashi kan yi zuru a gaban kwamitin ɗaukar aiki idan aka ce masa: "Faɗa mana yadda za ka yi, mataki-mataki."

Kwamitin na da hujja. Da sakamakon gwaji likita ke rubuta magani, kuma kuskure a rukunin jini na iya halaka wanda aka yi wa ƙarin jini.

Tambayoyin da ake yawan yi

Gwajin zazzaɓin cizon sauro na kan gaba. Ana so mai neman aiki ya san cewa siririn shafin jini a kan gilashi ne ake kafewa da metanol kafin a rina da Giemsa. Mai kauri ba a kafe shi, domin ana so jajayen ƙwayoyin jinin su fashe, ƙwayar cutar ta fito fili.

Sai ɗibar jini. Kwalba mai murfi shuɗi-ja, mai ɗauke da EDTA, ita ce ta ƙidayar ƙwayoyin jini. Idan jini ya fashe wajen ɗiba, adadin fotashiyam zai hau na ƙarya, don haka sabon samfur ake nema. Suna kuwa a gaban majiyyaci ake rubuta shi, ba bayan an koma ɗaki ba.

Idan gwajin tabbatar da ingancin na'ura ya kauce? Ba a sakin sakamakon kowa sai an gano matsalar an gyara.

Idan allura ta soki ma'aikaci? A wanke da ruwa da sabulu, a kai rahoto nan take, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi.

Yadda za a shirya

Ya kamata mai neman aiki ya rubuta gwaje-gwajen da ya taɓa yi da hannunsa, ya maimaita matakansu da baki, ya kuma tanadi labarin wata matsala da ya warware a bakin aiki.

Na'urar da bai taɓa sarrafawa ba, kamar GeneXpert ta gwajin tarin fuka, gara ya faɗi gaskiya ya bayyana abin da ya sani game da ita. Wanda ya cika baki, tambaya ta biyu ce ke tona masa asiri.