Bayan Ruwa Ya Janye: Yadda Ake Raba Gida da Fumfuna

A ranar 10 ga Satumban 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa, bayan madatsar Alau ta ɓalle, abin da rabon a ga irinsa tun 1994. Ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a. Da ya janye, waɗanda suka koma gidajensu sun tarar da laka, sun kwashe. Abin da ke biyo bayan lakar a kowane gari da aka yi ambaliya shi ne baƙaƙe da korayen tabo a jikin bango, a bayan sif, a ƙarƙashin leda, da wani wari mai hawa kai. Fumfuna ke nan.

Ƙwayoyin irinta suna yawo a iska ko yaushe, ido ba ya ganinsu, kuma babu gidan da ya rasa su. Danshi kawai suke jira. Hukumomin lafiya da muhalli na Amurka, waɗanda suka ga abin da ta yi wa gidajen New Orleans bayan guguwar Katrina a 2005, sun ce kayan da suka jiƙa a busar da su cikin awa 24 zuwa 48. In an wuce haka, a ɗauka ta riga ta kama ko da ba a gan ta ba. Gidan da ya yi mako guda cikin ruwa kuwa, zancen riga-kafi ya wuce.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Uwargida ta turara ɗaki da turaren wuta, maigida ya kira mai fenti ya shafe bango, a ce an gama. Turare ya danne warin na ɗan lokaci, fentin kuma ya kumbura ya ɓare bayan 'yan makonni, tabon ya dawo inda yake. Muddin bango yana riƙe da ruwa, aikin baban giwa ake yi. Kashe fumfunar ma bai wadatar ba, domin matacciyar fumfuna tana iya tayar da atishawa da tari kamar mai rai. Sai an kankare ta, an fitar da ita, an kuma busar da wurin.

Ba kowa ya kamata ya shiga wannan aiki ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2009 ya danganta zama a ɗaki mai danshi da fumfuna da tari da shessheƙa da tashin asma. Yara, masu ciki, masu asma, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, su nisanci wurin har a gama. Haka wanda ya taɓa yin tarin fuka: ciwon kan bar rami a huhu, kuma akwai wani nau'in fumfuna mai suna Aspergillus da kan yi gida a cikinsa. Irin wannan mutum in ya ga tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko jini a majina, asibiti ya kamata ya nufa.

Mai aikin ya fara da kashe wutar lantarki daga babban makunni, ya buɗe ƙofofi da tagogi. Ya sa doguwar safar hannu ta roba, da takalmin roba, da tabarau mai rufe ido, da takunkumi samfurin N95. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare ƙwayoyin yadda ake bukata. Kada a share busasshiyar fumfuna da tsintsiya, kada kuma a kunna mata fanka, don hakan watsa ta yake yi cikin gida. A yayyafa mata ruwa tukuna.

Sai rarrabe kaya, wanda shi ne mafi ciwo. Abin da ba ya shan ruwa, kamar tayil da ƙarfe da roba da gilashi, ana goge shi da buroshi da ruwan omo, a ɗauraye, a busar. Tufafi da labule a wanke su a shanya a rana sosai. Amma katifar soso da matashin kai da kafet da silin na kwali da kujerun kushin, in ruwan ambaliya ya ratsa su, ba sa wankuwa har ciki, balle ruwan da ya gauraya da na kwata da masai. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa amarya ta zubar da kayan ɗakinta, ga tsadar katifa a yau, amma kwana a kanta shaƙar ciwo ne dare bayan dare. Hatsi ma haka. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar aflatoxin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kawarwa, kuma a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara. Ko dabba kada a ba.

Ruwan bilic irin su Jik da Hypo yana da amfani bayan an wanke wuri da sabulu, kada ya wuce kofi ɗaya cikin kimanin lita huɗu na ruwa. Haɗa shi da wani sinadari don ya "ƙara ƙarfi" ganganci ne. In ya haɗu da ruwan wanke masai mai asid, ko da amoniya, iska mai guba yake fitarwa, wadda kan ƙona ido da huhu cikin mintuna. Wani haɗarin shi ne kunna janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don bango ya bushe da wuri. Hayaƙin da ke kisa a nan ba shi da wari ko kaɗan.

Ginin ƙasa yana da nasa hukuncin. Ba a kwarara masa ruwa, kuma bangon da ya jiƙa daga tushe, a kira magini ya duba shi kafin kowa ya kwana a ciki. A ginin bulo kuma, ba duk farin tabo ne fumfuna ba. Wani gishiri ne da ruwa ya fito da shi daga siminti, ana gane shi da narkewa in an zuba masa ruwa, amma shi ma alama ce cewa bangon bai bushe ba. In tabon ya wuce faɗin kamar mita ɗaya ko'ina, ko ya shiga cikin silin, gara a nemi masu sana'ar.

Bushewar bango tana ɗaukar makonni, ko da yake iskar hunturu tana taimakawa ƙwarai a Arewa. A janye sif da gado daga jikin bango, a ɗage leda, a gyara rufin da ke yoyo. Kafin a sayi fenti, a liƙa ƙyallen leda a jikin bango da salatif ta ko'ina, a bar shi ya kwana. In aka ga raɓa a ƙarƙashinsa da safe, a ƙara jira.