Zaɓen Citta Mai Inganci Daga Gonar da Ta Wuce Lokacin Tono

A ƙasashen Kafanchan, Kwoi, Kachia, Kagarko da Zonkwa ana shuka citta ne a watan Afrilu zuwa Mayu, ta ƙosa bayan wata takwas zuwa tara, wato daga Nuwamba zuwa Janairu. Alamar ƙosawa ita ce ganye ya yi rawaya, kara ya bushe ya kwanta. Amma sau da yawa kai manomi ba ka samun tono a kan kari. Girbin masara da dawa ya riƙe ka, ko 'yan ƙwadago sun yi tsada, ko kana jiran farashi ya tashi. Tun bayan annobar ruɓewar citta ta shekarar 2023, wadda ta cinye gonaki masu yawa a kudancin Kaduna ta kuma tsananta tsadar iri, wasu kan bar cittar a ƙasa da gangan, suna ganin ƙasa ta fi rumbu amana. Wannan bayani na wanda Fabrairu ko Maris ya riske shi da citta a gona ne.

Abin da ke faruwa a cikin ƙasa

Citta 'yar wata biyar zuwa shida taushi gare ta, ruwanta da yawa, yajinta kaɗan. Ita ce ta dace da lemon citta. Tana ƙara kwana, yaji da man da ke ba ta ƙamshi suna ƙaruwa, zaren cikinta ma yana ƙaruwa. A wajen wata takwas zuwa tara ne waɗannan abubuwa suke daidaita. Daga nan yaji da ƙamshi ba su ƙara wani abin kirki, zare kuwa ya ci gaba da tauri, jikin cittar ya fara yanƙwanewa saboda zafin bazara. Ƙasa ta ƙanƙame, fartanya ta riƙa sare yatsu, kuma kowane rauni ƙofa ce ga ruɓa. Ga gara, ga gobarar daji. Idan ruwan farko ya sauka, cittar ta yi toho, ta zuba abincin da ta tara cikin sabon tsiro, nauyinta ya ragu.

Duk da haka kada ka yanke wa gonar hukunci ɗaya. Manoman inabi a Faransa sun ga irin wannan a shekarar 2003, lokacin da tsananin zafi ya sa 'ya'yan suka nuna fiye da ƙima, zaƙi ya yi yawa, tsami ya ragu. Waɗanda suka san sana'ar ba su ce amfanin shekarar duka ya lalace ba. Gonakin da ke wurare masu sanyi da masu ƙasar da ke riƙe laima suka nema, a can suka sami mai kyau. Haka citta take.

Inda za ka fara dubawa

Kafin ka sa a tone gonar baki ɗaya, zaga ka toni gindi biyu ko uku a kowane sashe. Sashen da aka lulluɓe da ciyawa ko ganye sosai tun lokacin shuka, da wanda inuwar ɗorawa ko kaɗanya ke faɗa wa da rana tsaka, su ne suka fi riƙe citta da ƙarfinta. Kan tudu mai tsakuwa, inda rana ke duka kai tsaye, shi ke fara yanƙwanewa. Kwarin da ruwa ya kwanta da damina kuwa, ko cittarsa ta yi ɓul-ɓul a ido, yi hattara da ita, domin can ruɓa ta fi samun gindin zama. A toni kowane sashe daban, a tara shi daban. A ganina wannan ne matakin da aka fi sakaci da shi, alhali ba ya cin ko kwabo.

Sai gwajin hannu. Ɗauki yatsa ɗaya ka karya. Mai kyau takan karye ƙas, cikinta da danshi, launinta ɗaya daga baki zuwa tsakiya, ƙamshi ya buge ka nan take. Wadda ta lanƙwashe kafin ta karye, zare ya fito zako-zako, ta tsufa. Wadda cikinta ya yi ruwan ƙasa, ko ta yi laushi tana wari, ta kamu. A fitar da ita daga gona, a ƙone ko a binne nesa. A tuna cewa Yatsun Biri, wadda masu bincike ke kira UG2, dama cikinta ya fi na Tafin Giwa, wato UG1, duhu, don haka duhun launi kaɗai ba cuta ba ne. Ko a gindi ɗaya akwai bambanci: yatsun gefe, waɗanda suka fito daga baya, sun fi ƙarancin zare, uwar irin da aka shuka kuwa ta fi kowanne tauri, sai a ware ta.

Rabo da shanya

Mafi ƙarfi da lafiya, daga sashen da ba a ga cuta ba, ita ce ta iri. A ajiye ta a inuwa mai iska. Mai zare amma lafiyayya ba asara ba ce, domin yajinta yana nan, ta dace da tsagawa da niƙa. Kuskuren shi ne a cuɗa ta da mai kyau a buhu ɗaya. Dillali a kasuwar Kachia ko Kafanchan zai zura hannu, in ya ci karo da mara kyau, da farashinta zai sayi buhun duka.

Wanda ya makara a tono ya rasa busasshiyar iskar hunturu, saboda haka shanyarsa na bukatar ƙarin kula. A wanke ƙasa, a tsaga a ranar, a baza a kan tamfol ko daɓen siminti, ba a kan turɓaya ko gefen kwalta ba. A riƙa juyawa, a kwashe in hadari ya taso. Ta bushe idan ta karye da ƙara, wato laimarta ta sauka zuwa kashi 12 cikin 100 ko ƙasa. Wadda aka ɗure da sauran danshi takan yi fumfuna, kuma masu saye a Turai suna auna gubar fumfuna kafin su karɓi kaya.

Malamin gona, idan ka ziyarci irin wannan manomi, ka nuna masa gwajin karya da hannunka, sannan ku rubuta sassan da suka fi jure jinkiri. A baɗi sai a fara tono daga kan tudu, a bar mai inuwa zuwa ƙarshe.