A Dubi Lamba Kafin A Buga Lissafi

Waɗansu suna tambaya, don me farashin Rimin Gado yake jinkirin fitowa, alhali yaranmu sun kawo takardu tun la'asar? To, dalili shi ne ba mu tara lambobi mu raba sai mun zauna mun dube su ɗaya bayan ɗaya.

A ce an kawo kuɗin buhun gero daga rumfa biyar: 50,000, da 51,000, da 52,000, da 50,000, sai 5,200. Mai gaggawa ya tara ya raba biyar, ya sami 41,640. Alhali ba wanda ya sayar haka a kasuwar nan. Wanda ya ɗauko mota daga Dawanau saboda wannan araha, ya ƙona mai a banza, gobe kuma ba ya ƙara yarda da maganarmu.

Mu jera su muke yi, daga ƙarama zuwa babba. Ta tsakiya 50,000 ce, ita kuwa 5,200 ga ta can ita kaɗai. Amma ba a soke ta nan take, sai an kira wanda ya rubuta. Watakila sifiri ne ya faɗi. Watakila kuma kuɗin kwano huɗu ya ji, gama buhu mai kwano 40 a kan 52,000, kwano ya kama 1,300 ke nan.

Sannan a tambayi ma'auni. Da tozo aka auna ko a shafe? Sabon gero ne mai sauran danshi ko tsoho? In dawa ce, kaura ko farfara? Cinikin hantsi ne, ko na yamma lokacin da manomi yake son ya koma gida? Inda yaro ya bar wuri ba rubutu, kada a sa sifiri; ba kyauta aka ba da hatsin ba, zuwa ne bai yi ba.

Wani lokacin ma lambobin duka gaskiya ne, kasuwa ce ta rabu biyu. Kowa ya tuna farkon 2023, da Babban Bankin Nijeriya ya canja takardun 200 da 500 da 1,000, tsaba ta yi wuya. Buhu ɗaya, mai tsaba ya saya da rangwame, mai taransifa ya biya sama. Duk wanda ya gama su ya raba, ya fitar da farashin da ba na kowa ba. Layi biyu muka yi musu a littafi.

Littattafan iyayenmu na 1973 ma haka suke, shekarar da naira ta gāji fam, fam ɗaya naira biyu, sule kwabo goma. A shafi ɗaya sai ka ga wani ya rubuta sule, wani kwabo.

Saboda haka mai aiko mana da farashi ya rubuta rana, da irin hatsi, da ma'auni, da yadda aka biya.