Maganin Sankarar Fata ga Wanda Aka Yi wa Dashen Ƙoda

Duk wanda aka dasa wa ƙoda zai ci gaba da shan magunguna irin su tacrolimus da mycophenolate muddin ƙodar na jikinsa, domin su danne garkuwar jiki kada ta far wa baƙuwar ƙodar. Sai dai wannan garkuwar ce ke kashe ƙwayoyin da suka fara lalacewa tun kafin su zama daji. Shi ya sa sankarar fata da likitoci ke kira sikwamas ta fi kama masu dashe a kan sauran mutane ninki 65 ko fiye, musamman fararen fata a ƙasashe masu zafin rana kamar Ostareliya. A jikinsu ma ta fi saurin yaɗuwa.

Idan an gano ta da wuri, tiyata kan wadatar, wani lokaci a haɗa da gasa ciwon. Tashin hankalin shi ne idan ta kai inda wuƙa ba ta isa.

A 2018 Amurka ta amince da maganin cemiplimab domin irin wannan sankara. Ƙwayoyin garkuwa suna da wani linzami mai suna PD-1, wanda sankara ke ja don ta tsira. Maganin yana cire shi. Amma wannan linzamin na cikin abin da ke hana jiki ƙin ƙodar. A rahotannin farko, kusan kashi 40 cikin 100 na masu dashe da aka ba irin wannan magani jikinsu ya juya wa dashen.

Likitoci ba su sallama ba, kuma ina ganin sun yi daidai. Mai dashen zuciya ba shi da madogara idan ta tsaya, amma mai ƙoda zai iya komawa wankin ƙoda, duk da wahalarsa. Tun a 2012 wani bincike a Faransa ya nuna cewa sauya maganin danne garkuwa zuwa sirolimus na rage fitowar sabuwar sankara. Cibiyar Dana-Farber da ke Boston ta ɗora a kai: ta mayar da majinyata 12 kan sirolimus ko everolimus, tana ƙara prednisone a kwanakin kowace allurar cemiplimab. A sakamakon da aka buga a 2024, ba wanda jikinsa ya ƙi ƙodar, kuma ciwon ya ja da baya a jikin 5 daga cikin 11 da aka auna.

Mutum 12 ba yawa ba ne. Don haka ake son likitan ƙoda da na daji su yanke shawara tare da majinyacin, a riƙa gwada jininsa a kai a kai.