Ziyarar Lambun Itatuwa A Ƙasar Gumel: Abin Da Muka Koyo

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa noma a ƙasar Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, ya san abin da iskar farkon damina take yi. Mutum ya shuka gero, ya tsiro da kyau, sai iska ta taso da rairayi ta binne shi cikin yini ɗaya. Wani sai ya yi shuka sau biyu ko sau uku kafin ta kama, ga iri ya ƙare, ga damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu ba. Wannan damuwa ce ta sa muka ɗebi wakilan ƙungiyoyinmu na gama kai muka tafi ziyarar wani lambun renon itatuwa da ke yankin.

Mun bi ta Maigatari ran Alhamis, ranar da kasuwa take ci. Mun ga raƙuma da shanu da tumaki daga Nijar, mun kuma wuce yankin ciniki marar haraji da gwamnati ta keɓe a bakin iyaka. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne tulin itacen girki da ake sayarwa a bakin hanya. Kowane dami itace ne da aka rasa a gonar wani.

A wasu ƙasashe akwai lambuna da aka kafa musamman domin adana tsire-tsiren hamada. Akwai ɗaya a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, wanda aka buɗe a 1939, yana da tsirrai fiye da 50,000. Kowane iri an rubuta sunansa a ɗan allo, mutane kuwa suna biyan kuɗi su shiga su gani. Namu lambun bai kai wannan ba ko kusa. Rijiya ce, da shinge, da layuka na 'yan itatuwa cikin leda. Duk da haka aikinsu ɗaya ne, watau a san itacen da yake jure fari, a kuma hana shi ɓacewa.

Dattijon da yake kula da lambun ya zaga da mu layi layi. Ga gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina, don haka inuwarsa ba ta danne gero, ya kuma ƙara wa ƙasa taki, da rani 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Ga dakwara mai ba da ƙaro, wanda ake saye a kai ƙasashen waje. Ga bagaruwa ta majema, ga aduwa, da kurna, da magarya, da tsamiya, da kuka mai ba mu miya. Ga darbejiya, baƙuwa daga Indiya, wadda aka fara dasawa a Borno a 1928, yau ta zama 'yar gida.

Da muka iso kan wani ɗan tsiro mai kaurin ganye, dattijon ya tambayi samarinmu sunansa. Babu wanda ya sani. Wani ya ce, "Baba, gaya mana." Ya ce, "Anza ke nan, 'ya'yana. 'Ya'yanta ne dilo. Da yunwar 1973 da ta 1984 mun jiƙa shi kwana da kwanaki muna sake ruwa har ɗacin ya fita, muka dafa muka ci. Yau ga shi jikokinmu ba su san ta ba." Muka yi shiru.

A nan dole mu malaman gona mu faɗi gaskiya, gama da namu laifin a ciki. Shekaru da yawa an koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal, aka tone kututture domin garmar shanu ta wuce. Mu ma mun koyar da haka. Daga baya muka riƙa raba dashen turare, awaki suka cinye wasu, fari da gara suka kashe saura.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan kuskure. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da saiwarsu take da rai a ƙasa. Manoma suka fara barin tohon yana girma, suka kira abin sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5. Wanda ya ƙetara iyaka ya nufi Magarya ko Matamaye a jihar Damagaram zai ga gawo cike da gonaki, gero kuwa yana yi a ƙarƙashinsa.

To, me ƙungiya za ta yi? Mun dawo da shawara uku.

Ta fari, a lokacin sharar gona kada a sare kowane toho. A zaɓi kututturen kalgo, ko sabara, ko gawo, ko aduwa, a bar rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi, a datse saura da wuƙa mai kaifi, ana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. A fara da kututture 16 a kowace eka. Rassan da aka datse sun zama itacen girki, mata sun huta da tafiya mai nisa.

Ta biyu, kowace ƙungiya ta keɓe ɗan fili kusa da rijiya, ta yi masa shinge, ta dasa kowane irin itacen ƙasarmu, ko da guda bibbiyu. A rubuta sunan kowanne a allo. Irin gawo da na kuka suna da taurin ɓawo, sai a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki kafin a shuka. Irin darbejiya kuwa ba ya jimawa, a shuka shi da zarar an tsince shi. A fara reno wajen watan Maris, a dasa a Yuli sa'ad da ruwa ya zauna.

Ta uku, a yi shawara da mai unguwa da makiyaya tun da wuri, a yarda a kan wanda yake da ikon sara da wanda ba shi da shi. In ba haka ba, mutum zai yi reno shekara uku, wani ya sare da dare.

Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa a 2015, Jigawa kuwa tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. Wannan abu ne mai kyau, amma hukuma ba za ta tsare toho a gonar kowa ba. Wannan aikin mai gona ne.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su kawo wannan magana a taronsu na gaba, su kuma gayyaci tsofaffi su zo su gaya wa yara sunayen itatuwa da amfaninsu tun suna tare da mu. Allah ya ba mu damina mai albarka.