Sunuka a Wasannin Asiya: lambar zinariya ɗaya, mutum uku

Mai karatu, in ka taɓa ganin samari sun kewaye wani tebur mai shimfiɗar koren ƙyalle, kowa riƙe da doguwar sanda yana zungurar ƙananan ƙwallaye, to ka ga ƙanen wasan da za mu yi zancensa a wannan mako. Faransawa suna kiran dangin wasan nan billard, sunan da ke faɗowa a kunnen Bahaushe kamar an ce biyar. Babban wansu shi ne sunuka, wanda hafsoshin sojan Ingila suka ƙago a garin Jabalpur na ƙasar Indiya a shekara ta 1875. Teburinsa ya zarce mita uku da rabi a tsawo, yana da aljihu 6, kuma ƙwallo 22 ake zubawa a kansa: fara ɗaya wadda ita kaɗai sanda ke taɓawa, ja 15, sai shida masu launi dabam dabam. Ja maki ɗaya ce, baƙa maki 7. Ɗan wasa yakan jefa ja a aljihu, sannan mai launi, sannan ja kuma, har sai ya kuskure, lokacin nan abokin karawarsa ya taso. Wanda ya share tebur yana haɗa kowace ja da baƙa ya sami maki 147, iyakar abin da akan samu ke nan a turmi guda.

Wasa ne na mutum ɗaya. Babu mai miƙo maka ƙwallo, babu mai tsaron gida da zai rufa maka asiri. In ka kuskure sai ka koma kujera ka zauna, kana kallon wani yana cinye abin da ka bari. Shi ya sa abin da aka yi a Wasannin Asiya tsakanin 1998 da 2010 ya cancanci a waiwaye shi. Sau huɗu a jere, ban da gasar mutum ɗaya ɗaya, an shirya gasar ƙungiyoyin maza, inda kowace ƙasa ke tsayar da mutum uku su yi ci tare, su faɗi tare.

Karon farko a birnin Bankok na ƙasar Tailan ne, cikin watan Disamba na 1998. Hong Kong ce ta tafi da zinariyar ƙungiyoyi, da ƴan wasanta Marco Fu, Chan Kwok Ming da Chan Wai Tat. A tuna fa, shekara ɗaya da ƴan watanni ke nan da Ingila ta mayar wa ƙasar Sin da Hong Kong, ran 1 ga watan Yuli na 1997, amma yarjejeniyar ta bar wa birnin damar tura tawagarsa ta kansa a fagen wasanni. Marco Fu, wanda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Kanada, yana da shekara 20 a lokacin. Zinariyar mutum ɗaya kuwa Shokat Ali na Pakistan ne ya ɗauke ta.

A 2002, a birnin Busan na Koriya ta Kudu, Hong Kong ta sake riƙe kambinta, ta bar ƙasar Sin da azurfa. Watau ƙaramin birni ya kada uwar ƙasa, kuma babu wanda ya ga laifin haka. Sai dai ba wannan ne labarin da ya cika bakin jama'a ba. A cikin ukun nan na Sin akwai wani yaro ɗan shekara 15, Ding Junhui, wanda ya lashe zinariyar mutum ɗaya a gaban manya. An haife shi a garin Yixing a 1987, kuma mahaifinsa ya sayar da gidansu, ya kwashe iyali zuwa Dongguan a kudancin ƙasar, domin kawai yaron ya sami inda zai yi horo. Duk ɗan kasuwa ya san ma'anar mutum ya zuba jarinsa kaf a kan haja guda. A wancan zamani iyaye da yawa a Sin suna kallon teburin ƙwallon nan a matsayin matattarar ƴan zaman banza, kamar yadda namu iyayen ke kallon karta. Lambar da aka rataya wa yaro da sunan ƙasa ta taimaka ƙwarai wajen wanke wasan daga wannan zargi.

Daga nan ruwa ya sauya hanya. A 2005 Ding ya doke Stephen Hendry, zakaran duniya har sau bakwai, da ci 9 da 5 a wasan ƙarshe na gasar Sin a Beijin, miliyoyin mutane suna kallo a telebijin. Kafin shekarar ta fita ya ci gasar Birtaniya a hannun Steve Davis. Da aka haɗu a Doha ta ƙasar Katar cikin Disamba na 2006, sai Sin ta share komi na sunukar maza: Ding ya ci ta mutum ɗaya, shi da Tian Pengfei suka ci ta mutum biyu, su biyun tare da Liang Wenbo suka ci ta ƙungiyoyi. Wannan karo Hong Kong ce ta koma gida da azurfa.

Karo na huɗu an yi shi a Gwanzu, birnin da fatakenmu na Maraɗi da Damagaram suka fi sani da sarin kaya, cikin watan Nuwamba na 2010. Ukun nan dai, Ding, Liang da Tian, suka sake cin zinariyar ƙungiyoyi, a kan Indiya wadda ta tsayar da Yasin Merchant, Aditya Mehta da Brijesh Damani. Amma Marco Fu ya rama ta wani wajen, don shi ya kada Ding a wasan ƙarshe na mutum ɗaya, a gaban mutanen gida. Lissafin gasar ƙungiyoyi ke nan dukansa: Hong Kong biyu, Sin biyu.

A ganinmu gasar ƙungiyoyi ta fi ta mutum ɗaya faɗin gaskiya game da ƙasa. Gwani guda kyauta ce daga Allah, ko kuwa sakamakon haƙurin uba ɗaya irin na Ding. Samun gwanaye uku a lokaci guda sai da teburori masu kyau, da masu horarwa, da kuɗin tafiya, da hukumar da ta san aikinta. Ga shi kuma karawar gajeruwa ce. A wasan ƙarshe na gasar duniya sai mutum ya ci turmi 18, cikin kwana biyu, saboda haka ƙwarewa ba ta ɓuya; a nan ko turmi kaɗan ne ke raba gardama, kuma hannun na uku in ya yi rawa, sunan na farko ba ya amfana komi.

Bayan Gwanzu sai magabatan wasannin Asiya suka ga taron ya yi nauyi ga mai masauki. Daga wasa iri 42 a 2010 aka koma 36 a birnin Incheon a 2014, kuma sunuka na cikin waɗanda aka sallama, aka bar ta a ƙaramin taron wasannin cikin ɗaki. Ma'aikacin gomnati zai gane abin da wannan ke nufi tun kafin a faɗa masa. Wasan da ba ya cikin Olimpik, ba ya kuma cikin Wasannin Asiya, da wuya ya sami layi a kasafin kuɗi. A Hong Kong, inda tallafin manyan ƴan wasa ya rataya ga irin waɗannan taruka, ƴan sunuka sun yi shekaru cikin fargabar a sauke su daga sahun farko, su da suka kawo wa birnin zinariya biyu ta ƙungiya.

Akwai kuma tabon da ba za a ɓoye ba. A watan Yuni na 2023 hukumar ƙwararrun ƴan sunuka ta hukunta ƴan wasan Sin goma a kan badaƙalar caca da sayar da wasa. Biyu daga cikinsu an kore su har abada, kuma ɗaya shi ne Liang Wenbo, mai zinariyar ƙungiya ta 2006 da ta 2010. A cikin goman nan har da Zhao Xintong, wanda laifinsa bai kai nasu ba, aka dakatar da shi wata 20. Ya dawo, kuma a watan Mayu na 2025 ya doke Mark Williams da ci 18 da 12 a Sheffield, ya zama ɗan Asiya na farko da ya ci gasar duniya, abin da Ding ya nema a 2016 Mark Selby ya hana shi. Ladan Zhao fam 500.000 ne, sama da miliyon 350 na sefa. Da irin wannan kuɗi a gaban ƙwararru, ba kowa ne zai bar gasar kuɗi ya tafi neman lambar ƙasa ba.

An sanar cewa sunuka da danginta za su koma Wasannin Asiya a 2030, a Doha, inda Sin ta fara karɓe zinariyar ƙungiyoyi daga hannun Hong Kong. In rai ya kai, a shekarar nan Ding Junhui zai cika 43, Marco Fu kuma 52.