Mataimakan Mahaɗai: Ƙananan Na'urorin da ke Tsaron Manyan Injuna

Sanin kowa ne cewa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, ƙasa ce ta noma, musamman masara da dawa da auduga, kuma Ƙanƙara ta yi suna wajen haƙar farar ƙasa. Saboda haka ba a rasa injunan niƙa da na casar hatsi da famfunan rijiyar burtsatse a garuruwan. Waɗanda ke aiki da lantarki daga cikinsu suna fuskantar matsala guda: wutar da kamfanin KEDCO ke rarrabawa tun shekarar 2013 takan ɗauke, kuma ta dawo ba sallama. Me zai faru idan ta dawo alhali hannun mai niƙa yana cikin injin yana share tsaki? Amsar tana cikin wata na'ura da ba ta wuce girman akwatin ashana ba.

Babban injin lantarki mai layi uku, mai aiki da bolt 400 ko kusa da haka, ba a kunna shi da makunni irin na ɗaki. Ana amfani da kontakta, watau makunnin da maganaɗiso ke sarrafawa. A cikinta akwai naɗin waya mai bakuna biyu, A1 da A2. Da zarar wuta ta shiga naɗin, sai ya zama maganaɗiso, ya jawo manyan mahaɗai uku su rufe, injin ya tashi. Rile ma haka yake aiki, sai dai shi ƙaramar wuta yake ɗauka.

Baya ga manyan mahaɗan, akwai ƙanana da ake kira mataimakan mahaɗai. Sukan zo cikin ƙaramin akwati da ake maƙalawa a goshin kontakta ko a gefenta, kuma suna motsi tare da manyan. Ba su ɗaukar wutar injin; aikinsu isar da saƙo ne kawai. Iri biyu ne: buɗaɗɗe, wanda ba ya rufewa sai kontakta ta kama, da rufaffe, wanda ke buɗewa idan ta kama.

Buɗaɗɗen shi ne mai tsaron hannun mai niƙa. Idan aka danna maɓallin tayarwa, kontakta ta kama, sai wannan mahaɗi ya rufe, ya ci gaba da ba naɗin wuta ko bayan an ɗauke yatsa. In wuta ta ɗauke, kontakta ta saki, shi ma ya buɗe. Don haka ko wutar ta dawo, injin ba zai motsa ba sai mutum ya sake dannawa da ganganci. Rufaffen kuwa mai hana karo ne. A inda ake sauya layi tsakanin wutar gari da janareto, ana bi da wutar naɗin kowace kontakta ta cikin rufaffen mahaɗin 'yar'uwarta. Ta haka ba za su taɓa kamawa tare ba, balle janareto ya ƙone, ko wutarsa ta koma kan layi ta hallaka ma'aikacin da ke gyara a bisa turke.

To, yaya ake zaɓensu? Da farko a ƙirga ayyukan da ake so: riƙe naɗi, hana karo, kunna fitilar shaida. Lambar da ke jikin akwatin takan bayyana abin da ke ciki: 11 na nufin buɗaɗɗe ɗaya da rufaffe ɗaya, 22 na nufin biyu-biyu, 40 kuwa buɗaɗɗu huɗu ne babu rufaffe. Bakunan wayar ma suna da lambobi. Adadin ƙarshe shi ke nuna iri: 3 da 4 buɗaɗɗe ne, kamar 13-14, 1 da 2 kuwa rufaffe ne, kamar 21-22.

Na biyu, a duba irin wutar. Hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya, wadda aka kafa a 1906, ta ware ajin AC-15 domin naɗin da ke aiki da wuta mai kai-da-komo irin ta gari, da ajin DC-13 domin wuta miƙaƙƙiya irin ta batir da hasken rana. Wutar gari a Nijeriya takan sauka zuwa sifiri sau 100 a daƙiƙa guda, wannan ke kashe tartsatsin da ke tashi yayin buɗewa. Miƙaƙƙiyar wuta ba ta yin haka, shi ya sa mahaɗin da aka rubuta wa amfiya 10 galibi ba ya iya yanke ko kusa da hakan a kanta.

Na uku, akwatin ya dace da kontaktar, domin na kamfanin Schneider ba ya hawa kan ta Siemens ko ABB. Kuma kowace kontakta tana da iyakar adadin da maganaɗisonta zai iya ja. Na huɗu, a tuna da ƙura. Garin niƙa da ƙurar hunturu da farar ƙasa sukan kwanta a kan mahaɗai su toshe ƙaramin saƙo, don haka a ajiye su cikin akwati mai rufi sosai.

Babban haɗari shi ne abin da wasu kan yi idan mahaɗi ya lalace: su ƙetare shi da guntun waya, ko su tokare kontakta da tsinke. Injin zai yi aiki, amma an cire masa birki. Kuɗin sabon mahaɗi bai kai na sake naɗin injin da ya ƙone ba, yatsa kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.